Inna Hamsatu, Mai Neman a Ɗanɗana Mata Kunu

Kafin rana ta gama buɗe ido a Dakoro, hayaƙin murhun Inna Hamsatu ya riga ya tashi a bayan matarniti, wato asibitin haihuwa. Tururin kunun kanwa kan lulluɓe ta har sai ka ga kamar ba ta taka ƙasa. Shekara talatin ke nan tana dama wa masu jego kunu. A ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayi.

Ana mata dariya saboda ƙorafi guda: wai harshenta ya mutu. Ƙarya take, Allah Ya yafe mata. Na sha ganin ta gane miyar da ta rasa gishiri tun daga ƙamshi.

Sai da aka kawo Rahinatu daga Korahane na fahimci dabarar. Tun tana da ciki take tsoron abinci. In ta haɗiya, sai ta zagaya bayan ɗaki ta sa yatsa ta amayar. Dangi suka ce shagwaɓa, wasu suka ce iskoki. Ta haihu, nono ya ƙi zuwa, jaririn ma ya gaji da kuka. Kowa sai ce mata yake, "Ci!" ita kuwa tana kallon bango.

Inna ta faɗa wa likita cewa wannan ciwo ne, a duba ta. Sannan ta zo ta zauna a bakin gadon Rahinatu da ƙwaryar kunu.

"Ɗiyata, taimake ni. Halshena ba shi ji. Taɓa min kunun ga, kanwa ta yi?"

Rahinatu ta lasa. "Ta yi kaɗan, Inna."

Inna ta ɗan ƙara kanwa, ta sake miƙa mata. "Af! To yanzu hwa?"

Ludayi guda ran nan, uku washegari, Inna na zaune tana ba ta labarin shanun ƙuruciyarta har lokacin zagayawa bayan ɗaki ya wuce. A rana ta tara nono ya zo. Ni kaina na yi kuka.

Ke ce mai haƙurin zama, Inna. Ke kika roƙi taimako wajen wadda kowa ke wa faɗa. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma, in mai ciki ko mai jego ta juya wa kwano baya, ku bar tsawa, ku kai ta likita, ku zauna kusa da ita.

Rahinatu ba ta gama warkewa ba, Inna, amma ta aiko mijinta Yazidu da saƙo. Ta ce a gaya miki yau ta ci tuwo, kuma tuwon ya zauna a cikinta.