Maharazu, Ka Bar Fitila a Kunne

Dukkanmu na Allah ne, kuma kowa da ranar da za a kira sunansa. Naka an kira shi ran Talata, sha biyar ga Sha'aban, wadda ta yi daidai da sha huɗu ga Afrilu, 1987, da hantsi, a gidanka na gefen babbar magudanar ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Zazzaɓi ne da ciwon ƙirji, bai ma ba mu lokacin da za mu tsorata ba. Bayan azahar muka kai ka makwancinka. Malam Maharazu Ibrahimu, manomin alkama da albasa, wanda karkarar nan ta fi sani da Sarkin Agwagi, ya riga mu gidan gaskiya.

Na yi jinkirin wannan rubutu, har azumi ya yi nisa. Ba mantuwa ba ce. Aiki ka bar mini, mutumina, kuma irin aikin da ba ya jiran mai makoki ya gama share ido.

Tare muka tashi da kai tun wurin nan yana gonakin dawa da itatuwan ɗorawa, tun ba a zo da katafila an baje su an kawo mana ruwan Tiga ba. Tare muka sha tatsuniya a ɗakin kakarka, wadda ta raine ka, don mahaifiyarka ta rasu ba a ko yaye ka ba. Sa'o'inmu da muke cika tabarma a gindin dalbejiyar masallaci sun yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ni sai kai. Yanzu idan na ce "ka tuna shekarar kaza?" sai in waiwaya in ga ba wanda zai ƙaryata ni. Ban taɓa sanin mutum zai yi kewar mai ƙaryata shi ba.

Da ruwa ya zo, kowa ya shiga kiwon agwagi, don ga ruwa a ƙofar gida, ga zubabben hatsi bayan girbi. Sai dai agwagwa ba ta da shawara wajen zaɓen gurbi. Ta je can cikin ciyawar bakin ruwa ta zuba ƙwai, guza ya zo ya yi walima, kare ya zo ya kwashe saura. Kai wannan abin ya hana ka sukuni. Da ka ji wata gonar kaji ta kan hanyar Zariya, wajen Garun Malam, ta rufe, sai ga ka da amalanke ɗauke da wani tsohon akwatin katako, mai taga ta gilashi da fitilar kananzir a gefe. Ka ce wai wannan shi zai kwanta a kan ƙwai ya ƙyanƙyashe. Ni na raɗa masa suna Uwar Katako, sunan kuwa ya bi shi har yau. Ka gina masa bukka a gonarka ta ƙetaren ruwa, don a gida awaki za su ture shi.

Tun daga ranar ka zama kamar mai jego. Kowane ƙwai ka ja masa layi da gawayi a gefe guda, ka ɗiga masa ɗigo a ɗaya gefen, don ka san wanda ka juya da wanda ba ka juya ba. Bayan asuba ka ƙetara ka juya, bayan azahar haka, kafin magariba haka. Kana yayyafa musu ruwan ɗumi da tafin hannu, kana cewa ai uwar ma da jiƙaƙƙen ciki take dawowa daga wanka. Kuma kana yi musu magana. Na kama ka ba sau ɗaya ba, kanka a jikin akwati kana ta ƙus-ƙus. Na ce, "Maharazu, tsufan ne ya zo ta nan?" Ka ce, "Kai da kake wa mutane surutu ba sa saurara, ni nawa masu sauraron ba sa katse ni."

Akwai rana guda da ba za a rubuta tarihinka a tsallake ta ba, ko da yake ba ka son a tuna ta. Ƙyanƙyasar farko ce. 'Ya'yan suka fito rawaya-rawaya, gari ya ɗauka cewa katako ya haihu. Suna 'yan kwanaki ka zubo su a kwando, muka bi ka a baya manya da yara, ka kai su bakin magudana don su yi wankan farko a gaban shaidu. Wa zai yi tunanin komai? Mu da muke ganin 'ya'yan agwagwa suna bin uwarsu cikin ruwa tun washegarin fitowarsu. Ka sake su. Suka shiga da murna, suka yi ta wutsil-wutsil, muna tafi. Can sai muka ga suna yin ƙasa. Gashin nan mai laushi ya sha ruwa kamar auduga, ya yi musu nauyi, sanyi ya kama su. Ka faɗa ruwan da rigarka da hularka kana kwasowa kana cusawa a ƙirji. Kaɗan ka tsira da su.

Mutane suka watse suna cewa ai ga shi nan, abin da katako ya haifa ba agwagwa ba ne. Ka shafe makonni kana zaune a bakin ruwa kana kallon agwagin mutane, har ana tambayata ko lafiya. Rannan ka zo gindin dalbejiya ka zauna, ka ce, "Isma'ila, na gano. Akwai wani maiƙo da uwa ke tatsowa da baki daga gindin wutsiyarta tana shafe gashinta. 'Ya'yan suna shiga ƙarƙashinta, yana shafar su, shi ya sa ruwa ba ya kama su. Akwatina yana ba da ɗumi, amma ba ya ba da maiƙon." Sa'an nan ka ƙara da cewa, "Ni ya kamata in riga kowa sani." Ban tambaye ka abin da kake nufi ba. Na san a ɗakin wa ka girma.

Daga nan ka kafa doka: ɗan akwati ba ya ganin magudana sai gashin manya ya fito masa, ya iya shafa wa kansa nasa maiƙon. Ruwan shansu ma a faranti marar zurfi, ka cika shi da tsakuwa don baki kawai zai shiga. Aka yi ta yi maka dariya, wai ga mutumin da ya hana agwagwa ruwa. Ka bar su da dariyarsu. Cikin 'yan shekaru masu dariyar ne ke sallama a bakin bukkarka da ƙwai a ƙwarya, kana karɓa kana sa wa kowa tasa alamar, ba ka taɓa cewa a ba ka ko kananzir ba.

Na tuna Iya Tambaya, tsohuwar nan da ba ta da kowa, da kare ya kashe mata agwagwa tana tsakiyar kwanci. Ta zauna a bakin hanya tana kuka, don ita ke nan dukiyarta. Ka cire hularka ka jera ƙwan a ciki, ka rungume, ka yi ta sauri kai ba hula kamar wanda aka koro. Da suka fito ka riƙe su har suka yi gashi, sa'an nan ka kora mata su har ƙofar ɗaki. Ta ce da me za ta saka maka, ka ce ta daina kiran ka Mai Ƙwai a gaban surukanka. Ba ta daina ba har ta koma ga Allah.

To, ranar da muka binne ka, mun dawo mun zauna a zaurenka ana ta karɓar gaisuwa. Wajen la'asar sai na ji an ƙwanƙwasa ƙyauren cikin gida, aka kira sunana a hankali. Mai ɗakinka ce, Zuliha. Daga bayan ƙyaure ta ce, "Malam Isma'ila, fitila." Ban gane ba. Ta ce, "Akwai ƙwai a akwati, sun yi nisa. Tun jiya da na ƙetara ba wanda ya leƙa su. Ni yanzu na shiga takaba, ba ni da ƙafar fita. Ɗauko akwatin kuwa ba zai yiwu ba, girgiza za ta kashe su."

Na tashi daga cikin masu makoki na ƙetara gadar da gwiwoyin nan nawa da ka sani. Na tarar da fitilar tana lumshewa, lagwani ya kusa bushewa, ga takalmanka na gona a bakin ƙofa yadda ka cire su. Na zuba kananzir. A nan ne, ba a makabarta ba, na yi kukan da ban yi ba.

Tun daga ranar na zama ɗalibin Zuliha, ita a bayan ƙyaure, ni a zaure. Ma'aunin zafin akwatin ya daɗe da fashewa, sai ta koya mini yadda kake yi. Ta ce, "Ka ɗauki ƙwai ka ɗora a fatar idonka. In ka ji kamar goshin jariri mai lafiya, daidai ne. In ka ji kamar mai zazzaɓi, ka rage lagwani. Da rana tsaka ka rage sosai, bazara ce." Ta ce kuma, "Ka riƙa yi musu magana. Marigayi yana cewa wanda aka yi wa shiru ba ya son fitowa." Na ce, "Haba Zuliha, da gemuna?" Ta ce, "Shi ma da gemunsa yake yi."

Kwana biyu na farko sallama kawai nake yi musu, ina waige-waige kada wani ya gan ni. Daga baya baki ya buɗe. Na ba su tatsuniyoyin kakarka kaf. Da suka ƙare na shiga ba su labarinka: yadda jaki ya kayar da kai a kasuwar Madobi, yadda ka rantse ba za ka taɓa shuka alkama ba ka zo ka fi kowa, yadda kake ajiye mini tsagin goro ko muna cikin gaba. Ka yi gaskiya, mutumina, ba sa katse mutum. Amma ni da za a ba ni zaɓi, na fi son mai katse ni.

Kullum ina zuwa da fargaba. Daren da suka yi da wunin da suka yi ba kulawa, ban sani ba ko ya riga ya gama da su, ina ta juya matattun ƙwai ina yi musu hira. Ban faɗa wa Zuliha wannan tsoron ba, na kuma san ita ma tana da shi ba ta faɗa mini ba.

Ran farkon azumi da safe na kusanta kunnena sai na ji ƙwas, ƙwas, daga ciki. Zuliha ta riga ta ja mini kunne: in suka fara huda ƙwai kada in juya, kada in yi ta buɗe akwati, kada kuma tausayi ya sa in ɓare wa wani ɓawo, jini zai zuba ya mutu. Na zauna na harɗe hannuwa ina kallo ta gilashi, wuni guda da wani wunin, ina ganin ɗan mitsitsin abu yana fama yana hutawa, ba ni da ikon taimakonsa. Haka na zauna a gefenka ranar Litinin ɗin nan, jajibirin rasuwarka. Sai dai wannan karon an fito. Ba duka ba, wasu sun tsaya a hanya, amma mafi yawa sun fito, jiƙe-jiƙe, suka bushe suka zama rawaya.

Abin da ba ka taɓa gaya mini ba shi ne, wanda suka fara gani suka fara jin muryarsa, shi ne uwarsu. Ni Isma'ila, da ko naman agwagwa ba na ci, yau in na ɗaga ƙafa sai su ɗaga, in na tsaya su taru a kan yatsuna. In na fita daga bukkar su yi ta kuka har in dawo.

A makon jiya ɗanka Sunusi ya zo daga Kano. Yaron kirki, ya ga ina wahala da azumi a bakina, ya so ya sauke mini kaya. Ina dawowa daga sallar azahar na hango shi da kwando a ka, ya nufi bakin magudana. Ranar da 'yan ƙyanƙyasar farko suka nutse yana makaranta a Kano, bai san komai ba. Wallahi ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na riske shi ya riga ya durƙusa, ya karkata kwandon. Na dafe da hannu biyu ina haki. Ya ce, "Baba, ai agwagi ne, a sake su su huta da zafi, kai ma ka huta." Na ce, "Marayu ne, Sunusi. Ba wanda ya shafa musu mai." Muka zauna a nan bakin ruwa na ba shi labarin mahaifinsa da rigarsa jiƙe. Shi ya ɗauki kwandon da kansa ya mayar bukka.

Yanzu ga su nan, tsinin gashin manya ya fara leƙowa a kafaɗunsu. Zuliha ta ce kafin ta fita takaba za su isa shiga ruwa. Ranar ni zan kai su, in tsaya a inda ka faɗa, in ga sun tafi ba su nutse ba. Na san daga ranar ba za su ƙara bi na ba, haka ake so. Sa'an nan in koma gindin dalbejiya in shimfiɗa tabarmar da ta yi mini yawa.

Fitilar kuwa, da na ƙarshe ya fito na tambayi Zuliha ko in kashe. Daga bayan ƙyaure ta ce maƙwabciyarta Asta ta aiko da ƙwai a ƙwarya tun shekaranjiya, ita Zuliha tana jin nauyin tambayata. Na goge gilashin, na gyara lagwani, na nemo gawayi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zuliha, da Sunusi, da 'yar'uwarsa Sa'adiya da ke aure a Madobi, da jikoki, da duk gidan da agwagwarka ta taɓa shiga. Allah Ya ba ku haƙurin da ni mai ba ku shi nake nema.

Ya Allah, ga bawanKa Maharazu ya zo maKa. Ya tashi ba ɗumin uwa, ya ƙare rayuwarsa yana ba da ɗumi ga abin da ba shi da uwa. Ka lulluɓe shi da rahamarKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa da hasken da ba ya bukatar mai zuba masa kananzir. Ka sada shi da mahaifiyar da bai san fuskarta ba a Aljanna. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Malam Isma'ila Datti, Kura