Yadda Muka Raba Taswirar Ƙauyen Kakana

Shekarun baya, ina sabuwar ma'aikaciya a wani ofishin safiyo a Gadarif, ba abin da nake ji da shi kamar na'urar GPS da aka damƙa min. Ko shayi zan je sha tana cikin jakata, wai kada a ɗauka ni 'yar aike ce.

A lokacin kowane ofis da taswirarsa. Masu noma da tasu, masu dabbobi da tasu, masu ruwa ma haka, kowa ya kwanta kan tasa kamar kaza kan ƙwai. In ka je nema a ce ka kawo izini daga sama, in ka kawo a ce mudir, wato shugaban ofis, ya fita fatur, karin kumallo ke nan. Ba rowa kaɗai ba ce, akwai tsoro. Taswira harkar tsaro ce a zamanin, kana iya ba da ita da safe, da yamma kana wani ɗaki kana amsa tambayoyi.

Wata rana ina duba yankin Gadambaliya a kwamfuta, sai na ga inda ƙauyen su mahaifiyata yake fari fat. Ba gida, ba rijiya, ba gona. Kuma an ja layi a kansa, cikin filayen da za a raba wa manyan manoma masu tarakta bayan damina. Can kakannin kakana suka yada zango a hanyar Makka, can aka binne su, amma a wajen hukuma daji ne.

Juma'a na yi na hau boksi, wato a-kori-kura ta haya, na tafi. Kakana, wanda shi ne shehun ƙauyen, yana ganina ya fara halinsa.

"Amaryar birni, yau an tuna da tsohon miji? Ko an kore ki ne?"

Na ce, "Kaka, ku ne za a kora."

Bayan an sauko daga masallaci ya tara mutane, na yi bayani. Ba su so ba. Wani ya ce duk wanda ya shiga takardar gwamnati ya shiga haraji. Wani ya ce yau a auna gona, gobe a zo tambayar daga ina kakanka ya fito. Wallahi ban ga laifinsu ba, don sun sha gani. Na ce musu dai wanda ba a gani a takarda ba, tarakta ake turo masa.

Kaka ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "In kin zana, wa zai riƙe?"

"Ofishinmu."

"Shi kaɗai? A'a. Auren da mutum ɗaya ya shaida, gobe sai a ce ba a ɗaura ba. Ki zana, amma a raba ta kamar goro, kowane ofis ya samu."

Ni kuwa da bakina mai sauri na ce an gama. A gaban jama'a fa, alhali ko kusurwar taswira ba ni da ikon fitarwa daga ofis. A mota na dinga tambayar kaina wa ya aike ni.

Awon kam na yi shi, a ranakun hutuna. Gonakin dawa da riɗi, rijiya, masallaci, makabarta. Lakar Gadarif ta cinye min takalmi, na ƙarasa aikin da silifas ɗin matar kawuna.

Da na kai wa mudir ɗinmu, mutumin kirki ne amma ba ya son abin da zai taɓa masa tuwo, ya dafe kai.

"Ya ustaza, so kike a kore mu gaba ɗaya? Ba na aika wa kowa."

Na faɗa masa maganar Kaka, ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Aikawa dai ba zan yi ba. Amma ban san dokar da ta hana dattijo ya yi karama ya gayyaci mutane ba."

Karama a wajenmu walimar godiya ga Allah ce, kuma ƙin zuwa abin kunya ne. Kaka ya sa rawaninsa ya shigo gari, ya bi ofisoshin nan da ƙafarsa yana gayyata. Mutanen da sukan bar ni tsaye a bakin ƙofa sai ga su suna miƙe masa, ana "Itfaddal, ya Haj," wato bismilla Alhaji.

Ranar aka yanka rago. Bayan an ci an sha jabana, wato gahawa, mudir ya yi min ido, na shimfiɗa taswirar kan tabarma. Sai mutumin ofishin ruwa ya leƙa ya ce akwai tsohon tafki a kudu da ban sa ba, yana cikin tasu. Na dabbobi ya ce ina burtalin da shanu ke bi? Ya karɓi biro ya ja shi da kansa. Kafin la'asar kowa ya gyara min kuskure, ni mai na'ura ina ta "na'am, na'am". Kunya ta kama ni, amma daɗin ya fi. Da yake kowa ya sa hannu, ba ta zama ta ofishinmu ba balle a ce mun fitar da sirri, kowa ya ce a buga masa tasa. Kaka ya sa aka ɗaga hannu aka yi fatiha.

Bayan damina aka zauna rabon filaye. Ba na ciki, mudir ne ya ba ni labari. Da aka zo kan yankin, wani ya ce ai fili ne ba kowa. Sai na dabbobi ya zaro tasa ya ce, "Da mutane a nan, na ci abincinsu." Na ruwa ya zaro tasa. Aka matsar da layin, ya bi ta bayan gonakin.

Na yi shekaru a wannan aiki, na ga an kawo kwamfutoci masu tsada don ofisoshi su riƙa musayar bayanai, wasu sun yi amfani, wasu ƙura ta rufe su. Abin da na fahimta shi ne mutum ba ya miƙa abin da ya sani sai ga wanda ya zauna da shi. Shi ya sa yanzu in ƙaramin ma'aikaci ya zo nema a wajena, kujera nake fara ba shi.

Kaka bai daɗe ba bayan nan, Allah ya jiƙansa. A makabartar ƙauyen aka sa shi, kusa da mahaifinsa. Wani lokaci in kewarsa ta taso min a ofis, sai in buɗe taswira in yi ta matso da wurin har in ga bishiyar aduwar da ke kansa, kewaye da gonakin jikokinsa. Sai in yi masa addu'a, in koma bakin aikina.