Yadda Barkono Ya Fita Daga Tukunyar Gidanmu

Shekarun baya can, tun Malam maigidana na da rai, wani ciwo ya same ni irin wanda ba a faɗi a tsakar gida. Marata ke zafi kamar an ajiye garwashi, fitsari kuma ba ya bari in zauna. In yi alwala, kafin in kai kan tabarma ta karye. Ni da ake kira in raka amarya har Shinkafi, sai da ta kai ko gidan suna a cikin Zurmi ba na zuwa, don kada a ga tsohuwa na zarya a bayan gidan mutane.

Na ce sanyi ne, kuma sanyi da zafi muka san ana korarsa. Na dafa citta da kanumfari da masoro, na ƙara yaji a tuwo, na bi da kunun tsamiya. Ashe ciwon nake yi wa kiwo.

Malam kaɗai ya sani. Shi ya kai ni asibiti a Kaura, muka ce wa gida za mu gaida ƙanwarsa. Aka auna fitsari, ba a ga ƙwayar cuta ba. Likitar mace ce, sa'ar ɗiyata. Ta ce, "Inna, cikin mafitsararki ne ya yi ɗanye kamar miki. Abin da duk zai yi wa miki zafi, ita ma zai yi mata." Ta ba ni magani, sannan ta shiga jero mini: barkono, tsamiya, zoɓo, lemun tsami, tumatir, nono mai tsami, shayi, goro.

Na ce, "Ɗiyata, to mi kika bar mini? Iska?"

Ta yi dariya. Ta ce in bar su duka tukuna, daga baya in riƙa dawo da su ɗaya-ɗaya, wanda jikina ya ƙi in rabu da shi. Ruwa kuwa kada in rage sha don tsoron fita.

A mota na shiga lissafi. Goro da shayi nawa ne, ina iya bari ba wanda ya sani. Tukunya ce damuwata. Lokacin na sauka daga girki, matar ɗana na fari ke dafa wa gida duka, tukunya ɗaya. Ni da ko sunan mijinta ban taɓa kamawa ba, yaya zan dubi idonta in ce ta cire barkono saboda fitsarina? Ni ce fa na ce mata, ranar da ta fara girki, miyar da ba ta sa mutum gumi ba ruwan wanke kwano ce. Na ce wa Malam gara in ci in sha wuyata.

Ya ce, "Ke dai girman kan nan naki ya fi ciwon tsanani."

Washegari ya kira ɗanmu zaure, ina jin su. Ya ce, "Ka shaida wa iyalinka, daga yau ba barkono, ba tsamiya, ba tumatir a tukunya. Mai so ya barbaɗa a kwanonsa."

"Baba, mi ya same ka?"

Ya shafa cikinsa ya ce, "Tsufa."

Malam fa, mutumin da ko hura sai ya zuba mata yaji. Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka yana da gyambon ciki. Kowa ya zo da maganinsa, shi kuma ya karɓa ya yi godiya. Ƙanwarsa ta aiko da wani jiƙo mai ɗacin tsiya, ya shanye a gaban wanda ya kawo, yana watso mini harara ta gefen ido. Ni ina samun sauƙi da miyar kuka da kuɓewa da kabewa da hura da madara, shi yana amsa sannu. Da na gwada, tumatir kaɗan bai dame ni ba. Goro kuwa ɓari ɗaya ya tayar mini da ciwon, muka yi sallama da shi.

Ranar cin Kasuwar Daji sai ya dawo ido jawur, hanci na zuba. In ce, "Mai gyambon ciki, daga ina?"

"Mura ce."

"Murar har da ƙuli-ƙulin tsire a gemu?"

Sai ya kakkaɓe ya ce, "Rufa mini, ni ma na rufa miki."

Haka muka yi shekaru har Allah Ya karɓi abinSa. Cikin takaba, ban da kewarsa, akwai abin da ke cina a rai: mai ciwon da aka sani ya tafi, barkono zai dawo, kuma ba ni da bakin hanawa. Da baƙi suka watse, surukata ta kawo mini tuwo. Na ɗanɗana a tsorace. Kuka ce da daddawa da man shanu, ba ko ɗigon yaji. Washegari ma haka.

Na daure na ce, "Ai yanzu kya iya mayar da barkononki, mai ciwon ya tafi."

Kanta a ƙasa ta ce, "Inna, ni ke wanke rigunan Baba. Aljihunsa bai taɓa rabuwa da ƙullin yaji ba." Ta gyara mini kwano ta tashi.

Tun daga ranar ba mu sake maganar ba, ni ban faɗa ba, ita ba ta tambaya ba. Ciwon yana nan, yakan leƙo in na yi ganganci, amma ina sallata da alwala ɗaya, ina zuwa bikin mutane. Matan da ke jin irin wannan, ku je a duba ku, ba kowane zafin mara ne sanyi ba.

Ni dai duk shekarun nan ina tafiya da kai sama, ina zaton mutum ɗaya ke rufa mini asiri. Ashe su biyu ne, ɗaya na shan jiƙo, ɗaya na riƙe da ludayi. Allah Ya jiƙan wanda ya tafi, Ya yi wa wadda ta rage albarka.