Babur ɗin Ruwan Aulis

Aulis maƙwabcina ne a bakin tafkin Saimaa tun muna samari. Aikin wutar lantarki ya yi a masana'antar takarda har aka rufe ta. Mutum ne mara yawan magana, sai ka zauna da shi ku shanye butar kofi bai ce komai ba in ban da tsine wa sauro.

Da ciwon mantuwa ya kama matarsa Sirkka, aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke tsallaken tafki. Daga mashigin jirginsa kana hango jan rufin gidan, amma ta mota sai ka zagaye tafkin kaf. Shi kuma likita ya hana shi tuƙi tun da ya yi ɗan shanyewar jiki, hannun hagun kuma ba ya jan filafilin kwalekwale. Ni nake kai shi ranar Lahadi. Hakan bai ishe shi ba, kuma ya tsani roƙo.

A rumfarsa akwai babur ɗin ruwa da tsohon mijin 'yarsa ya yar ya tafi. Ƙanƙarar tafkin na narkewa, Aulis ya jawo shi waje ya wanke.

Na ce, "Kai tsoho, a kan wannan abin 'yan gayu za ka hau? Kifaye ma sai sun yi maka dariya."

Ya ce, "Su yi. Riƙe min fitila, ka rufe baki."

Ya maƙala makullin, ya danna maɓalli. Ƙas. Shi ke nan abin da injin ya ce.

Ya fara da batir, ya auna, ya sayo sabo. Ƙas. Ya cire fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su ga hasken rana, duk lafiya. Ya goge bakin makullin da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ya canza ɗan akwatin da ke tura wuta zuwa sitata. Wata rana injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu, Aulis ya yini da fara'a. Washegari ko ƙas ɗin babu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san aikin. Kansa ya san inda zai duba, hannun ne ya ƙi. Cikin babur ɗin matsattse ne, sai ya tura hagun ƙarƙashin inji, yatsun su saki sifana ta faɗa can ƙasa. Na ce a kai wa bakanike a gari.

Ya ce, "Pentti, ni zan kai wa wani waya ya duba min?"

Haka rani ya shige, ranin namu da ba ya daɗewa. Yaran birni suna ta tsala gudu a kan ruwa da nasu baburan, shi yana durƙushe, mai har gwiwar hannu. Kowace Lahadi kuma Sirkka tana ƙara nisa. Da farko takan ce, "Aulis, ka rame, wa yake dafa maka dankali?" Daga baya sai dai ta yi masa murmushin da take yi wa kowa.

Sai da ganye ya fara zuba ya gano laifin. Baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin inji ce tsatsa ta cinye daga ciki, robar waje kuwa sumul. Ni na ɗaure masa sabuwa, yana tsaye a kaina yana zagina. Ya danna, injin ya ɗauka da ruri. Bai ko dube ni ba. Ya sa rigar ruwa, ya cusa kyafaffen kifi a ƙirji don Sirkka, ya tafi cikin iskar da ba wanda ke fita a cikinta.

Da la'asar ma'aikaciyar gidan tsofaffin ta kira ni, ta ce in zo in ɗauke shi. Na tarar da shi zaune a benci a waje, jiƙe sharkaf, yana rawar sanyi. Ashe da ya shiga ɗakin, Sirkka ta tsorata ta ƙwalla ihu a fitar mata da wannan mutumin. Da ya koma bakin ruwa kuma hannun ya sandare, ya kasa riƙe sitiyari.

A mota na ce, "Gobe ma je mu jawo babur ɗin."

Ya ce, "Bar shi can."

Sanyin ya zama ciwon huhu. Da ya fito asibiti, 'yarsa Marjut ta ɗauke shi zuwa birnin Tampere, ta samar masa ɗaki a saman bene kusa da ita. Sirkka ta rasu kafin ƙarshen hunturu. Nakan kira shi wani lokaci, mu yi maganar yanayi, sai ya ce min abinci na kan wuta, ya ajiye wayar.