Allurar Durwa

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji biyar, muka ja Durwa da igiyar shanya tun daga unguwarmu Bagadaza har asibitin dabbobi, ni da ƙawata Falmata da kakanta Baba Kyari. Karen yana turjewa, mu muna gumi, masu Keke Napep kuwa ko kallonmu ba sa yi. A shingen sojoji ma sai da aka tsayar da mu, wani soja ya tambaya cikin raha ko karen yana da katin shaida. Babu wanda ya yi dariya, don a shekarun nan kowa a tsorace yake.

Su Falmata 'yan gudun hijira ne daga Borno, sun kama ɗakin da ke jikin namu. Tare muke ɗiban ruwa, tare muke share tsakar gida, in mun gama mu baje a gindin dalbejiya muna carafke, Durwa na kwance yana korar ƙuda da kunne. A ƙofar makaranta ana zazzage mana jaka kullum, kuma ko tayar mota ce ta fashe sai ka ga aji ya watse, kowa ya bar takalminsa. Falmata ba ta gudu irin namu, sai dai ta daskare wuri guda. In mun koma gida ta rungume wuyan karen nan har hankalinta ya kwanta. Shi kaɗai ya rage mata daga garinsu.

Da kawunta ya aiko su koma wurinsa a Garwa ta ƙasar Kamaru, Mamata ta ce ta ji ba a ƙetare iyaka da kare sai an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka. Baba Kyari ya yi tsaki. Tsohon maharbi ne, kuma mutum ne mai kafiya. Ya buɗa gashin goshin Durwa ya nuna mata tabon lalas, inda ya ɗora masa ƙarfe mai zafi tun yana kwikwiyo. Ya ce, "Karen da na yi wa wannan ba ya hauka, 'yata." Haka aka yi ta jan ƙafa, sai da direban da zai kai su ya rantse ba zai ɗauki kare babu shaidar allura ba, don ba zai yarda a riƙe masa mota a boda ba. Lokacin saura kwana biyu su tashi.

Ma'aikacin asibitin ya duba tabon, ya yi allurarsa. Har mun fara murna, sai ya ce, "Baba, ai sai ta yi kusan wata a jikinsa kafin su yarda ya wuce." Tsohon ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ni dai haushin Baba Kyari ya cika ni, na ji kamar in yi masa ihu a gaban mutane. Falmata ta kama igiyar Durwa, muka koma gida.

Zama bai yiwu ba, don ana ta raɗe-raɗin za a rufe hanya. Da safen tafiyarsu ta damƙa mini igiyar, ta ce, "Rifkatu, ki rantse ba za a ba masu sayen karnuka shi ba. Wata na cika Kaka zai dawo ya ɗauke shi." Na rantse. Muka kulle Durwa a ɗakin girki, ya yi ta kartar ƙofa har ya fasa farce.

Wata ya cika, wani ya bi bayansa. Lambar wayar kawun ta daina shiga. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai na yar da tsintsiya na fita a guje, har Mama ta gaji da yi mini faɗa. Shekara na zagayowa na sake jan Durwa zuwa asibiti, don kada ranar da za su zo a ce allurar ta tsufa. Haka na yi ta yi duk shekara har ya tsufa ya mutu, ina ajin ƙarshe a sakandare.

Yanzu an kwashe yawancin shingayen, motoci na zirga-zirga ta Yola har Kamaru, kuma da waya a hannu mutum zai san dokar kowace iyaka kafin ya ɗaure kaya. Na yi cigiyar Falmata har na gaji. Abin da nake so in gaya mata ba shi da yawa: ban sayar da shi ba, kuma a shirye ya mutu, da allurarsa a jiki.