Wuyan Waine

A ƙauyenmu da ke kan duwatsun Simbu, ba jaririn da ke fita daga bilum ya hau baya sai Degemba ta yarda. Bilum ɗin nan dai jakar saƙa ce, uwa ta rataya a goshi, jariri ya kwanta ciki a dunƙule. Shekara arba'in ke nan ana kawo mata 'ya'ya, kuma ita ba ruwanta da ƙirgen wata. Goya yaro take yi da kanta, ta taka zuwa shingen aladu ta dawo. In kansa ya yi ta dukan kafaɗarta, sai ta kwance shi ta ce, "Mayar da kayanki, wuyan nan ɗanye ne shar." Mata su yi ta ƙunƙuni, amma wallahi ba wadda ta taɓa kama ta da kuskure.

To, sai ga nata jikan, Waine, ɗan Gende, autanta da ke aiki can birnin Lae. Gende ya aiko cewa matarsa Filomena, da ke zaune a ɗakin Degemba, ta taho da yaron da zarar ya isa goyo, don hanyar zuwa titi tafiyar yini ce, ga santsi, ga gadar igiya, dole hannu biyu su zama a sake. Ke nan ranar da Degemba ta ce ya isa, ranar ɗakinta zai yi shiru.

Kullum da hantsi sai ta ce, "Kawo mijin nan nawa mu gani." Ta goya shi, ta je shinge, ta zarce gonar dankali, ta tsaya hira da duk wanda ta tarar. In ta dawo sai ta taɓe baki.

"Da saura, 'yar nan."

"To, Iya," in ji Filomena, ta ci gaba da tonon dankali a toka.

Haka aka kwashe mako uku. Degemba na jin daɗin kwanakin nan ƙwarai, amma abin na cin ta a rai. Yaron nan zama yake daram a bayanta, ɗumin cikinsa na ratsa ta, kuma ta fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Ita da ba ta taɓa yin ƙarya a kan wuyan ɗan wani ba!

Ran nan suna bakin shinge, sai wata uwar alade ta yi gurnani daga hagu. Waine ya miƙe wuya, ya juya kai ya bi ta da kallo, ya damƙi furfurar kakarsa ya ja, yana ƙyalƙyala dariya. Maƙwabciyarta Moro tana ciki tana zuba wa aladu ɓawo.

"Ke Degemba, wannan ne ɗanyen? Saura kaɗan ya tsinke miki kai! Ko jira kike ya yi gemu?"

"Rufe min baki, tsohuwar banza," in ji Degemba, amma ita ma sai da ta dara.

Ta dawo gida a hankali, ta bi doguwar hanya. Ta kwance shi, ta miƙa wa uwarsa, ba ta iya kallon idonta ba.

"Ya isa. Ya ma daɗe da isa. Ni ce na ɓoye miki."

Filomena ta ɓare dankali mai zafi, ta hura, ta sa mata a hannu.

"Ai na sani, Iya. Tun mako biyu nake goya shi in za ni rafi."

"Ja'ira! To me ya hana ki tafiya?"

"Shi ya isa. Ke nake jira ki isa."

Degemba ta share ido da bayan hannu, ta ci dankalinta. Washegari ita ta goya shi har bakin gadar igiya, sannan ta ɗaura wa uwarsa shi da hannunta, ta ja ƙullin sau biyu.