Darasin Zaɓe a Zamanin Soja

A shekarun da soja ke mulki, ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandaren 'yan mata a nan Gombe. Muna zaune a unguwar Madaki, ni da maigidana da yaranmu. Shi ma'aikacin gwamnati ne.

Shugaban ƙasa na lokacin ba ya ɓoye ra'ayinsa. Duk sa'ad da ya yi jawabi a rediyo, maganar ɗaya ce: 'yan siyasa ne suka ɓata ƙasa, jama'a ba su isa zaɓar wa kansu shugaba ba tukuna, mai sukar gwamnati kuwa maƙiyin ƙasa ne. Maigidana yakan ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya ce, "Gaskiya ya faɗa! Mutanenmu ba sa jin magana sai da bulala." In na buɗe baki zan yi musu, sai ya tashi ya rufe taga. Har yau ban sani ba ko ya yarda da mutumin ne, ko tsoro ne kawai.

Gari na wayewa kuma in shiga aji in rubuta a allo: zaɓe, majalisa, 'yancin faɗin albarkacin baki. Abin da ke cikin manhaja ke nan, kuma a kansa za a yi wa ɗaliban jarrabawa.

Akwai wata yarinya a ajina, 'yar unguwar Bagadaza, mai ƙoƙari ƙwarai. Babanta Bakatsine ne, yana sayar da atamfa a kasuwa. Ya yi wata magana a kan shugaban a gaban shagonsa, aka zo da mota aka tafi da shi, ba wanda ya san inda yake. Wata rana ina cikin bayani ta ɗaga hannu.

"Malama, wannan 'yancin da kike faɗa, a wace ƙasa ake samunsa?"

A layin gaba akwai 'yar wani babban jami'in tsaro tana kallona. Na juya ga allo, na ce, "Ki rubuta tukuna, ma yi magana daga baya."

Ba a daɗe ba aka ce a fito da ɗalibai zanga-zangar roƙon shugaban ya ci gaba da mulki. Na sami shugaban makarantarmu a ofishinsa a kan maganar yarinyar da aka kama babanta.

"Ranka ya daɗe, a bar yarinyar nan a makaranta. Ka san halin da gidansu ke ciki."

Ya cire tabarau ya murza idanu. "Malama, umarni ne daga sama. In na ware ta, cewa za a yi ina goyon bayan ubanta. Ni ma ina da iyali."

Haka muka fita cikin rana, muka ratsa unguwar Jekadafari da hotunan shugaban ƙasa a hannun yara. Masu shaguna suna tsaye bakin ƙofa suna kallonmu, ba mai tafi. Na jera da yarinyar. Na ga leɓenta na motsi, na zaci kirarin da aka koya musu take yi. Da na matsa kusa, sai na ji hasbunallahu take ta maimaitawa. Na karɓi hoton daga hannunta na riƙe mata har muka isa filin taron.

Bayan nan na nemi a mayar da ni koyar da Hausa, aka ce babu wani malamin da zai karɓi darasin gwamnati. Na ce wa maigidana zan ajiye aikin. Ya ce, "Ki rufa mana asiri. Kina ajiyewa za a fara tambayar dalili." Na ci gaba da shiga aji.

Sai da mulkin ya ƙare aka sako baban yarinyar, ƙafafu a kumbure, ko tsayuwar salla ba ya iyawa. Bai sake buɗe shagon ba. 'Yan'uwansa suka zo suka kwashe su zuwa Katsina, jarrabawa saura kaɗan. Ta zo har gida ta yi mini sallama, na raka ta bakin titi, muka tsaya muna jiran mota.